Faifanmu na farko, abin da nake rubutawa tun Janairu

Asabar, 6 ga Janairu 2024

Yau muka juye asusu a kan teburin kicin ɗin Zabiya muka ƙirga, dala 5,800 da 'yan canji. Kuɗin bokiti ne zalla, wato abin da 'yan yawon buɗe ido ke jefa mana a Broadway, titin nan na tsakiyar Nashville a Amurka da gidajen kiɗa suka jeru kamar shagunan Kantin Kwari. A can awa huɗu ake yi a kan dandamali ba sauka, kuna tattara kaya wasu na hawa, duk mai son a yi masa wata waƙa ya jefa dala 20. Tun Mayun bara muke cire kashi ɗaya cikin biyar na kowane dare mu ajiye. An yanke magana: waƙa 11, duk namu, kada kuɗi su wuce 8,000, a fitar kafin ƙarshen Yuni. Yunin nan na rubuta shi ne don in dawo in yi wa kaina dariya.

Mu biyar ne, kuma ba zan sa sunan kowa ba sai wanda na raɗa musu. Zabiya 'yar gabashin Kentucky ce, ita ke waƙa ita ke rubuta mafi yawa. Sarkin Jita ɗan Oklahoma, akwai hannu akwai surutu. Makaɗi kafinta ne da rana. Mai Goge 'yar North Carolina, tana kaɗa gogen Turawa mai tsirkiya huɗu da kuma banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya da fata. Sai ni, ɗan Kaduna, mai bes, jitar nan mai kaurin murya, da rana ina aiki a wani sito a bayan gari.

Masu tambayar me ya haɗa Bahaushe da kiɗan kantiri, ku je ku tambayi Baba. A 504 ɗinsa kaset ɗin Don Williams ne ke juyawa daga Kaduna har Zariya har a dawo, ba mai isa ya taɓa. Da mutumin ya rasu a 2017 sai da Baba ya kira ni ya yi min gaisuwa kamar wani kawunmu ne ya tafi.

Litinin, 15 ga Janairu

Dusar ƙanƙara ta rufe garin, sama da inci 7 aka ce. Mutanen nan ba su saba ba, gari ya tsaya cak. An soke atisayen yau.

Lahadi, 21 ga Janairu

Sati guda a banza. Ƙanƙarar ta daskare a kan tituna ta ƙi narkewa, wasa uku muka rasa, atisaye biyu. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne hita da na bari a kunne dare da rana ta busar da iskar ɗaki, wuyan bes ɗina ya ɗan motsa, yanzu in na danna can sama sai tsirkiya ta riƙa zizar kamar ƙudan zuma ya shiga gwangwani. Mai gyara ya karɓi dala 85, daga aljihuna ba daga asusu ba, ya kuma yi min faɗa wai in sayi na'urar da ke sa damshi a ɗaki. Mu da muka taso cikin hunturun Arewa, leɓe na tsagewa, wai yau ni ake koya wa illar busasshiyar iska.

Asabar, 27 ga Janairu

Mun rubuta takardun duk waƙoƙi 11. A garin nan ba a rubuta kiɗa da haruffa, da lamba ake yi, 1, 4, 5, wani lokaci 6 da ɗan layi a gefe. Tsari ne da makaɗan sitidiyo suka ƙirƙiro tun ƙarshen shekarun 1950, amfaninsa in mai waƙa ta ce muryarta ba ta kai can ba a sauko ƙasa kaɗan, ba sai an sake rubuta komai ba, lambar tana nan, hannu ne kawai zai matsa. Kuma haka aka yi yau, waƙa ta 3 sau uku Zabiya tana canza mata wurin zama.

Waƙa ta 11 tawa ce. Ba kalmomin ba, karin. Wani kari ne da Inna ke yi in tana tankaɗe, ya daɗe yana yawo a kaina, na kaɗa wa Zabiya wata rana ta ɗora masa baiti. Ban gaya musu daga ina ya fito ba sai yau.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Yawon duba sitidiyo. Mun fara da Music Row, layi na 16 da na 17 inda manyan suke, don dai ido ya ci abinci. Mun wuce ta gaban RCA Studio B inda su Elvis da Jim Reeves suka yi aiki, yanzu baƙi ake kaiwa kallo. Da muka ji farashin wuri ɗaya a unguwar kowa ya yi shiru ya koma mota. A ƙarshe mun tsaya kan wani gida a Madison, mutumin ya maida ƙasan gidansa sitidiyo, ɗaki babba ɗaya da ƙanana biyu, dala 550 a wuni har da shi kansa. Zan riƙa ce masa Injiniya. Ba ya yawan magana, karensa ma haka. Mun kama kwana uku, an ba da rabin kuɗi.

Lahadi, 25 ga Fabrairu, da dare

Kai. Bari in faɗa a jere don kada in manta.

Juma'a sai bayan masallaci na iso, na tarar tun safe suke fama da ganga kawai, makirfo goma sha wani abu a jikin ganga ɗaya, Makaɗi yana dukan abu guda na minti ashirin Injiniya yana matsar da makirfo da faɗin yatsa. Ƙarfe huɗu muka fara ɗauka. Ana jona bes ɗina sai ga wani gurnani a lasifika, huuum, ba ya tsayawa. An canza waya, an canza akwatin da ake jonawa, an kashe firij ɗin sama, yana nan. Kusan awa guda, agogo na cin kuɗinmu ina ji a ƙirjina. Ashe fitilar ɗakin ce, irin mai maɓallin rage haske. Ana kashe ta gurnani ya ɗauke. Haka na yi kwana ukun a duhu da 'yar tocilan a kan takarda.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Matsalar kilik ce, ƙwanƙwasar nan da ake sa maka a kunne don kada kiɗa ya yi sauri ko ya ja. Shekara biyu muna kiɗa tare a Broadway ba mu taɓa amfani da ita ba, can in mutane suka taso rawa mu ma sai mu ƙara wuta, kowa ya ji daɗi. A nan kuwa kwamfuta ba ta kunya. Injiniya ya kira ni ya nuna min a allo, ga layin bugu, ga inda yatsana ke sauka, kullum ina gaba da shi kaɗan, musamman in za a shiga amshi. Ni da nake ganin kaina dutse. Ya ce ba laifi ba ne, ɗoki ne, in jingina baya in bar ganga ta riga ni. Faɗa da sauƙi. Waƙa ta 4 sau 14 muka ɗauka, daga na tara kowa ya daina kallon kowa, Sarkin Jita ya fara huci, Zabiya ta fita waje ta zauna a mota. Juma'a waƙa biyu kacal muka samu.

Asabar ta fi, huɗu. Lahadi uku, kuma a nan abin da zan daɗe ina tunawa ya faru. Waƙa ta 7 mai sanyi ce, ta wata mata da ke kwashe kayan mahaifinta bayan ya rasu. Mun gwada da kilik sau biyar tana fitowa kamar ana karanta takardar haya. Mai Goge ta ce a kashe abin nan, a cire na kunne, mu dawo ɗaki ɗaya. Injiniya ya gargaɗe mu cewa in muka yi haka sautin kowa zai shiga makirfon kowa, ba gyara daga baya, wanda ya yi kuskure ya zauna har abada. Muka ce mun ji. Ɗauka ɗaya. A baiti na biyu na ɗan zame, na taɓa wata tsirkiya da ba ita ba, ana jinta in an kasa kunne. Da aka kunna mana ba wanda ya ce a sake, ni ma na yi gum.

Tara cikin 11. Abinci na kwana uku dala 180, yawanci daga wani gidan abincin Kurdawa a Nolensville Pike don ni in samu halal, yanzu Makaɗi ya fi ni son wurin.

Asabar, 2 ga Maris

Ƙarin wuni ɗaya da ba ya cikin lissafi, 550. An gama ta 10 da ta 11, an sake ta 4 gaba ɗaya don wadda muka zaɓa ranar Juma'a gajiya ce ta zaɓa ba kunne ba. Wannan karon sau uku ta zauna. Sati guda nake kwana da kilik a kunne, har a wurin aiki ina jin ta a ƙarar injin ɗaga kaya. An kashe 2,380 zuwa yanzu.

Litinin, 11 ga Maris

An ɗauki azumi. Na samo wani yaro zai riƙe min bes a Broadway har Sallah, don gaskiya ko a sauran watanni ina shiga wuraren nan ne da lemo a hannu da istigfari a baki, balle yanzu. Kasona na wata guda ya tafi gare shi. An canza agogo jiya, shan ruwa ya koma wajen bakwai saura.

Asabar, 16 ga Maris

Rabin wuni na murya, 250. Zabiya ta gama uku. Ni ke yin amshi na ƙasa, na buɗe baki ƙarfe uku na rana sai wani abu ya fito kamar ƙofar langa-langa. An ɗage nawa sai bayan Sallah.

Asabar, 23 ga Maris

Yau na ga aiki. Mun ɗauko wani dattijo mai jitar kwance, wadda ake zama a gabanta kamar keken ɗinki, tsirkiya goma, ƙarfe a hannun hagu yana zamewa a kai, ƙafa na taka feda, gwiwa na tura wasu sanduna a ƙasa, duk a lokaci guda. Ita ce ke yin kukan nan da in ka ji ka san kantiri ne. Ya zo da kujerarsa da kofinsa, ya ce a kunna. Sau ɗaya yake saurara, yana rubuta lambobi a bayan ambulan, sai ya ce a ɗauka. Waƙa biyar bai cika awa uku ba. A ta 7 ya saurara har ƙarshe ya ce shi ba zai sa komai ba sai a amshin ƙarshe, sauran wurin ba nasa ba ne, amma fa kuɗinsa cikakke ya karɓa, 125 kowace waƙa, 625. Da zai fita ya tambayi wa ke bes, na ɗaga hannu, ya gyaɗa kai ya wuce. Ban san me gyaɗa kan ke nufi ba amma na ɗauke shi a alheri.

Asabar, 30 ga Maris

Jiya Beyoncé ta fitar da faifanta na kantiri, garin nan ba a maganar komai sai wa ya cancanci kiɗan wa bai cancanta ba. Sai ga Sarkin Jita da dabara: tunda waƙa ta 11 karin gidanmu ne, a samo kayan kiɗan Hausa a sa a ciki, a rubuta a takardar talla cewa ga ƙungiya mai ɗan Afirka ta maida banjo gida. Ya ce labari ke sayar da faifai yanzu, mu kuma ba mu da wani labari.

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce shekara biyu ina ɗaukar amfilifaya a kafaɗa ina hawa bene da ku, ban zama labari ba sai yau. Ni mai bes ne, ba ado ba. Mai Goge ce ta shiga tsakani, ita ta san tarihin fiye da mu duka, ta ce maganar asalin banjo ba talla ba ce gaskiya ce, bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi da ƙwarya da fata, har yau Jolawan Senegal da Gambiya na da akonting mai 'yar gajeriyar tsirkiya a sama irin ta banjo. Ta ce a gwada don kiɗan, in bai yi ba a bari, kuma ba mai rubuta komai a kaina sai na yarda. A kan haka na yarda. Na kira ƙanina ya nemo gurmi mai kyau, akwai wani da zai taso daga Kano bayan Sallah.

Laraba, 10 ga Afrilu

Barka da Sallah. Na ci tuwo a gidan wasu 'yan Jos a Antioch, na yi barci kamar gawa.

Asabar, 20 ga Afrilu

Gurmi ya iso ranar Talata, kuɗinsa da na ɗan aike dala 140, nawa. Na buɗe kwalin warin fata da hayaƙi ya bugi hancina sai da na zauna. Amma gaskiya ɗaya ce, ban iya ba. Ban taɓa riƙe gurmi a gida ba, a gidanmu ma da an ga ka da shi da ka sha tambaya. Kwana huɗu ina koyo a YouTube.

Yau muka kai shi gaban makirfo. Farko dai damshin Tennessee ya sa fatar ta saki, sautin ya zama dum dum kamar ana buga katifa, sai da Injiniya ya ɗauko na'urar busar da gashi ta matarsa muna hura masa zafi kafin kowace ɗauka, minti biyar ya sake saki. Na biyu, gurmi ba shi da layukan ƙarfe a wuya, muryarsa na zama ne a tsakanin muryoyin jita, shi kaɗai daɗi, amma ana haɗa shi da jitar kwance sai ka ji kamar mutum biyu na gardama a ɗaki. Injiniya ya ce zai iya jan sa da kwamfuta ya daidaita. Ya yi, muka saurara, ya daidaitu kam, sai dai ya daina zama gurmi, ya koma wani banjo mai mura. Mai Goge ta karɓa ta gwada da salon bugun banjo na tsofaffi, na bayan farce, cikin minti goma ta fi ni, abin haushi abin dariya, amma matsalar na nan.

Aka cire gurmin aka saurari waƙar haka nan, sai na ji ita ma kanta ba ta zauna ba. Karin Inna ba ya son a yanka shi gida huɗu huɗu, yana da wani jan numfashi da muka datse don ya shiga layi. Ni da bakina na ce a cire ta daga faifan. Sarkin Jita ya buɗe baki Zabiya ta harare shi ya rufe. Saura 10. Rabin wunin nan ma 250 ne, an dai samu na yi amshina na waƙa huɗu a ƙarshensa don kada a tashi a tutar babu.

Asabar, 4 ga Mayu

Zaman rabon haƙƙin waƙa, wanda ya kamata mu yi tun Janairu. A garin nan al'ada ita ce duk wanda ke ɗakin lokacin da aka rubuta waƙa kasonsa daidai da na kowa, har suna da karin magana wai ka sa kalma ɗaya ka ci kashi ɗaya cikin uku. To Makaɗi ya ce yana ɗakin lokacin ta 2 da ta 5. Zabiya ta ce yana ɗakin kam, yana cin taliya. An yi sama an yi ƙasa awa biyu. Matsaya: rubutu na wanda ya rubuta ne, amma sautin da aka ɗauka na mu biyar ne daidai wa daida, kashi 20 kowa. An rubuta a takarda kowa ya sa hannu. Da aka cire ta 11 ba ni da ko layi a ɓangaren rubutu, na lura, ban ce komai ba. Zabiya da Sarkin Jita za su yi rajistar waƙoƙin a BMI da kuma MLC, masu karɓo wa marubuta waƙa kuɗin haƙƙinsu, duka suna da ofis a garin nan.

Asabar, 18 ga Mayu

Don mu rage kuɗi muka ce sauran muryoyi da goge a gidan Mai Goge za a ɗauka, tana da makirfo mai kyau da ɗakin kaya da muka lulluɓe da barguna. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wasu ƙwari ne suka fito, sikada, masu jan ido, shekara 13 suke yi a cikin ƙasa sannan su fito gaba ɗaya, rabonsu da fitowa tun 2011, sai bana da muke faifai. Ku ɗauki kukan gyare ku ninka shi dubu, daga hantsi har yamma, kamar ana yankan ƙarfe a kowace bishiya. Gidan kuma bishiyoyi ne kewaye da shi. Mun ɗauki muryar waƙa biyu ranar Asabar da ta wuce muna murna, a na kunne ba mu ji komai ba, muka tura wa Injiniya ya maido da saƙo: me ke soyuwa a bayan nan? Ya gwada tacewa, in ya cire ƙwarin sai ya tafi da hasken muryar. Aikin waƙa biyu ya tafi.

Da dare suna yin shiru, don haka muka koma ɗauka daga tara zuwa ɗaya, an kashe na'urar sanyi don ita ma tana da nata kukan, Zabiya na fitowa daga cikin bargunan nan jiƙe sharkaf. Ni kuma shida na safe ina sito. Goge ya samu a haka, amma murya biyu sai da muka koma Madison, wani 250. Tare da rabin wunin da aka yi a farkon wata, an kashe 4,005. A asusu saura 2,600, gaba kuma akwai abin da ya fi 4,000.

Litinin, 10 ga Yuni

An gama CMA Fest jiya, bikin kiɗan kantiri na shekara, kwana huɗu gari cike da huluna da takalman kaboyi. Wasa bakwai muka yi, yatsuna biyu sun fashe na naɗe da salatif. Mun yarda wannan karon rabin bokiti ya shiga asusu, 1,900. Ba wanda ya nemi waƙarmu ko ɗaya, tsofaffin da suka sani suke so, amma mun saƙa ta 3 a tsakiya sau biyu ba wanda ya fita.

Lahadi, 16 ga Yuni

Babbar Sallah. An tura komai wurin mai haɗa sauti, 200 kowace waƙa. Yuni dai ga shi nan, faifai babu.

Asabar, 13 ga Yuli

Zagaye na uku na gyaran miksin, wato haɗa sautin. Kowa so yake a ƙara nasa, Sarkin Jita ya aika saƙo mai sakin layi tara. Ni na ce a ƙara bes a ta 2 da ta 8, mutumin ya amsa da cewa in je in saurara a mota tukuna. Muka shiga motar Makaɗi mu biyar a filin ajiye motoci na wani kanti, gilas a rufe, zafi kamar Maiduguri a watan Afrilu, muka saurari faifan daga farko har ƙarshe. Bes na nan daram, har ƙofa na rawa. Na janye maganata. Zagaye biyu ne kyauta, na ukun 150.

Af, Shaboozey, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, waƙarsa ta hau lamba ɗaya a Amurka satin nan. Mutum uku sun tambaye ni ko na san shi. Na ce eh, gidanmu na kallon nasu, mu miliyan 200 duk layi ɗaya muke.

Asabar, 27 ga Yuli

Mastarin, wato gyaran sauti na ƙarshe, ya dawo, 700. Hoto 300, a wata gona wajen gari, an sa ni hular kaboyi na cire, na sa tawa ta gida Sarkin Jita ya fara murmushi na cire ita ma, a hoton kaina ba komai. Zanen bango 150. Faifan roba baƙi irin na da mun so, akwai ma kamfanin da ke buga shi a garin nan tun 1949, amma da muka ga abin da ake kashewa da watannin jira muka ce sai wani jiƙon. CD 300 muka yi oda, 780, don a wurin wasa har yanzu ana saya a sa hannu. An ɗora a intanet ta hannun dillali, kusan 40 a shekara. Ranar fita Juma'a 23 ga Agusta, tunda yanzu duk duniya Juma'a ake fitarwa. Spotify na son a miƙa musu waƙa ɗaya aƙalla kwana bakwai kafin ranar, mun miƙa ta 3, ni ta 7 na so, an kayar da ni huɗu da ɗaya.

Juma'a, 9 ga Agusta

Kwalaye sun iso. Muna ta shafa su kamar jarirai sai Mai Goge ta yi shiru. A bayan bango an juya ta 5 da ta 6. Muka duba abin da muka tura, laifinmu ne, mu biyar muka duba muka ce ya yi, tsohon jeri ne tun kafin a sauya. Sitika 300, dala 60, muka zauna a ƙasa muna cire leda muna mannawa har ɗaya na dare. In ka sayi wanda sitikarsa ta karkace, nawa ne.

Lahadi, 25 ga Agusta

Ya fita shekaranjiya. Wasan ƙaddamarwa a wani ƙaramin wuri a East Nashville, mai sauti da fosta 200, mun ƙirga mutum 70 da wani abu, an sayar da CD 41 a dala 15. Dattijon jitar kwance bai zo ba amma ya aiko da saƙon kalma biyu. Jimillar abin da ya fita daga asusu 8,385, ban da 225 nawa na gyaran bes da gurmi.

Yau da safe na kira gida. Na riga na tura wa ƙanina waƙoƙin ta WhatsApp tun Juma'a. Baba ya karɓi waya, aka gaisa, ya ce ya saurara duka sau biyu, yarinyar tana da murya, mai abin nan da ke kuka ma ya iya. Sai ya ce, to kai ɗan nan, kai ina kake a ciki? Na ce Baba ni ne bes, wannan mai kauri na ƙasa. Ya ce shi bai ji wani mai kauri ba. Na ce a ba ƙanina, na tambaye shi da me aka kunna, ya ce Yaya da wayar Baba mana, 'yar Tecno ɗin nan. Lasifikar da ko ganga da kyar take fitarwa. Wata takwas. Ina jiyo Inna daga nesa tana tambaya ko an sa waƙar tata, na ce a gaya mata tana nan tafe.

Na tura kuɗi a sayo lasifika mai Bluetooth a Kasuwar Barci ko duk inda aka samu mai kyau, na ce ƙanina ya gwada ta da ta 8 kafin ya biya, in teburin mai shago bai yi rawa ba kada ya karɓa.

Abin da ke gaba: rajistar haƙƙin mallaka a ofishin gwamnati, 65 na waƙoƙin 65 na sautin, Zabiya za ta cike. Spotify ba ya biyan ko sisi a kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba, ta 3 tana 600 da ɗori, sauran ko rabin haka ba su kai ba, don haka masu waya a taimaka. Wasa biyu a Kentucky a Satumba, ɗaya a Knoxville, ana neman motar haya mai ɗaukar ganga. CD saura 259 a ƙarƙashin gadona. Gurmi na rataye a bango, na samu lambar wani makaɗi a Kano da ya yarda ya riƙa koya min ta bidiyo ranar Lahadi, darasi na farko sati mai zuwa ƙarfe tara na safe agogon nan, uku na rana a can.